Janareta tara da suka rage a shagona

Ranar Lahadi da yamma ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida a Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Ya durƙusa ya yi gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, har da tambayar lafiyar ƙafata, nan na san akwai magana. Ya fito da waya ya nuna mini bidiyon babur mai aiki da lantarki. "Kawu, fetur ya gama yayi. Nan da shekara biyar babu mai sayensa. In ka ranta mini kuɗi na sayi guda biyu, kafin Babbar Salla na fara biya." Na ce wa ya gaya masa? Ya ce ai kowa ya sani.

Ban ce masa komai ba. Washegari na tafi da shi Magazin, unguwar makanikai, na buɗe ƙaramin ɗakin da ke bayan garejina, na nuna masa janareta tara a cikin kwalayensu, ɓeraye sun cinye gefen kwalayen. Tun 2016 suke nan. Su ma "kowa ya sani" ce ta sayo su. Abin da na gaya masa a ɗakin nan shi nake son ku ma ku ji, ƙannena da 'ya'yana na zango.

Waɗanda suka yi wayo a 2015 ba sa bukatar a fassara musu dumsor. Kalmomin Twi ne guda biyu, kashe da kunna. Abin ya faro ne a 2012, lokacin da ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo gas daga Najeriya a gaɓar Togo, ga ruwan madatsar Akosombo mai ba da wuta ya ja baya, ga kuɗin sayen mai babu. A farkon 2015 sai da aka kai ana ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Masu walda a Magazin suna kwana a kan benci suna jiran ta. Mai sayar da ƙanƙara ya koma sayar da ruwan ɗumi, tela ya koma keken ƙafa.

Kowane dare muna zama a majalisarmu, wadda yaran yanzu suke kira bes, ana dafa ataya cikin duhu ana yanke wa ƙasa hukunci. A lokacin ni ɗan giwa ne na gidi, wato jam'iyyar NPP, ba na son jin sunan lema, wato NDC mai mulki a lokacin. Don haka duk abin da gwamnatin Mahama ta ce, ƙarya ce a wurina tun kafin a rufe baki. Aka ce jirgin ruwa mai samar da wuta yana zuwa daga Turkiyya, muka yi dariya. Ministan wuta, Kwabena Donkor, ya ce zai ajiye aiki in shekara ta ƙare ba a magance matsalar ba, muka ce ya fara haɗa kayansa. Wani dattijo a cikinmu ya rantse cewa wuta ba za ta daidaita ba sai bayan shekara goma, ni kuwa na ɗauki rantsuwarsa na mayar da ita lissafin kasuwa.

Na kwashe adashina, na sayar da filin da na saya a hanyar Kenyasi, na haɗa hannu da wani mai shigo da kaya muka yi odar ƙananan janareta. Rabona guda arba'in. Kafin kaya su taso, su iso tashar jiragen ruwa ta Tema, a gama da kwastan, shekara ta ƙare. Jirgin da muka yi wa dariya ya riga kayana isowa, yana ba da megawat 225. Injinan kamfanin Ameri masu megawat 250 suka tashi a Aboadze, gas ɗin masana'antar Atuabo kuma yana gudana. Ministan dai ya ajiye aikin kamar yadda ya ce, majalisarmu ta yi shewa, amma a 2016 wuta ta fara zama. Kuma ba ni kaɗai na yi wannan dabarar ba. Duk shagon da ka leƙa a Adum, tsakiyar kasuwancin Kumasi, janareta ne jibge, ga waɗanda suka saya bara suna fito da nasu na hannu a rabin kuɗi. Na sayar da talatin da ɗaya cikin shekara uku, yawancinsu da faɗuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk bayanin nan a fili yake. An sa hannu a kwangilar, an faɗi watan zuwan jirgin, rediyo ya faɗa da Twi ya faɗa da Hausa. Na ji da kunnena, na ƙi yarda saboda bakin da ya faɗa. Ka ƙi gwamnati iya son ranka, haƙƙinka ne, akwatin zaɓe yana nan. Amma ranar da za ka zuba jari, ka tambayi kanka: in da jam'iyyata ce ta faɗi wannan magana, da na yarda? In amsar i ce, to ba lissafi kake yi ba, gaba kake yi da aljihunka.

Sai daga baya na fahimci yadda harkar wutar take. Kwangilolin gaggawar nan an ɗaura su ne a kan sharaɗin ko ka sha wutar ko ba ka sha ba sai ka biya. A 2019 gwamnati da kanta ta ce injinan da ƙasa take da su sun haura megawat 5,000, alhali bukatar ba ta wuce wajen 2,700 ba. Wato ciwon ya tashi daga ƙarancin inji ya koma bashi. Shi ya sa da wuta ta sake wasa a 2024, aka ce mini ga ranar janaretana ta zo, ban motsa ba. Ɗaukewar da bashin mai ya jawo tana iya ƙarewa ranar da aka biya wani kaso, ba abin da mutum zai gina kasuwa a kai ba ne. Injinan Ameri ɗin ma yanzu suna nan kusa da mu a Anwomaso, an kwaso su an kafa a 2024. Duk sanda na wuce ta wajen sai na kau da kai.

Kuskure na biyu ba zan daɗe a kansa ba, don kunya. A 2018 na kai ɗan abin da na farfaɗo da shi wani kamfanin ajiya da yake biyan abin da banki ba ya biya. Ofis mai gilashi, sanyin na'ura, yara masu ɗamarar wuya. Limaminmu ya ce mini, "Alhaji, wannan kuɗin ruwa ne." Na ce a'a Malam, riba ce, juya kuɗin suke yi. Ya ce da me suke juyawa? Na kasa amsawa, amma na kai kuɗin, don a raina mutanenmu ne a kan mulki, ba za su bari ya rushe ba. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, wasu suka biyo baya. Na karɓi wani abu daga baya, bayan dogon layi da cike takardu, lokacin da kuɗin ya riga ya rage daraja. Tambayar Liman ita ce duk abin da nake da shi na ba ku a nan: da me suke juyawa? In mai karɓar kuɗinka ya kasa bayyana maka cikin maganar da mahaifiyarka za ta gane, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Zuwa 2022 na yi fushi da giwa, na koma sauraron 'yan lema na majalisarmu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dala ta fara shekarar a wajen sidi 6, kafin Nuwamba tana neman 15 a hannun 'yan canji. Farashin gari da shinkafa yana canzawa tsakanin safe da yamma, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Majalisarmu ta ce dala za ta kai 20 kafin Kirsimeti. Na ɗauki kuɗin da na ware na makarantar yara da hayar gareji na je Alabar wurin 'yan canji na sayi dala a kan 14 da 'yan kai. Cikin Disamba aka sanar da cewa an daidaita da Asusun Ba da Lamuni na Duniya kan bashin dala biliyan 3, cikin 'yan kwanaki dala ta rikito ƙasa da 10. Janairu ta zo, makaranta ba ta karɓar haƙuri, na sayar da faɗuwa.

Ku lura da wani abu a nan, don shi ne darasin da ya fi tsada. Majalisarmu ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, dala ta sake hawa har ta wuce 15 a 2024. Sai dai ni kuɗin wata ɗaya na saka a maganar shekara biyu. Wanda kuma ya saya a 2024 yana jiran 20, a 2025 ya ga ta dawo 10 da ɗoriya. Mai ba ka labarin inda abu zai je ba ya faɗa maka yaushe, kuma ba shi zai biya maka kuɗin makaranta ba.

Kada ku ɗauka ina cewa duk sabon abu a guje shi. Asarar da ta fi duk waɗannan girma ban yi ta da kuɗi ba, da raini na yi ta. Ni fita ne, wato makaniki, da aka koya wa aiki a kan kafireto, ina jin ciwon inji da kunne. Da motocin Amurka na hannu suka fara cika gari, masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, wani yarona ya ce, "Masta, mu sayi na'urar gwajin nan." Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'urar ta faɗi abin da ke damunta. Na ce masa hannun da ya shekara ashirin cikin baƙin mai ba ya neman izinin talabijin. Gareji ya yi dariya, na ji daɗi. Yaron ya gama koyo, ya yi sallama, ya sayi na'urarsa. Yau masu manyan motoci layi suke yi a wurinsa, ni kuma tsofaffin trotro, ƙananan bas na haya, ne suka rage mini, in mota ta gagare ni wurinsa nake aikawa. Har yanzu in ya gan ni sai ya durƙusa ya ce Masta, abin da ya fi zagi ciwo.

To ga lantarki ya zo, kuma a nan ina da ra'ayi, ku auna shi kamar yadda na ce a auna na kowa. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai. Rabin abin da Magazin take ci da shi ke nan. Amma tana da taya, birki, shokozoba da na'urar sanyi, kuma ramukan hanyarmu ba su san bambancin fetur da batir ba. Ba na ganin za ta cika titi gobe, don yawancin motocinmu na hannu ne, sai sun tsufa a Amurka, Turai ko Koriya suke isowa. Babur, pragya (keke mai ƙafa uku) da bas su ne za su riga, su da suke yini a hanya suna shan mai. Gwamnatin da ta wuce ta yafe harajin shigo da motocin haya masu lantarki a kasafin 2024, ta kuma ƙaddamar da wasu bas a Ankara, kamar yadda muke kiran Accra, dab da zaɓe. Wadda ta zo ta ƙara sidi 1 a kan kowace litar mai a 2025 don biyan bashin wuta. Lema da giwa, kowa ya tura keken ta gefensa. Yaron da yake koyon aiki yanzu ya koyi waya da mita tare da sifana, ya kuma san cewa wayar nan mai ruwan lemo a jikin irin waɗannan motoci tana ɗauke da wutar ɗaruruwan bolt, ba a taɓa ta da hannun ganganci.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, na ce masa ban hana ba, ban kuma bayar ba. Na saya masa littafin rubutu na sidi biyar. Ya nemo masu irin babur ɗin guda uku, waɗanda suka shekara suna hawa, ba mai sayarwa ba, ba mai bidiyo ba. Ya tambaye su kilomita nawa caji ɗaya yake yi da fasinja a baya, ba abin da aka rubuta a kwali ba. Nawa ne sabon batir, don shi ne kan kuɗin, kuma zafi yana rage masa kwana. In ya lalace wa yake gyarawa a Kumasi, ko sai an ɗora shi a mota zuwa Ankara? Ina zai yi caji? Gidan haya yake, ɗaki goma sha biyu mita ɗaya, inda ake faɗa a kan dutsen guga. Ranar da ya soka babur a bango, maigidan haya zai kira taro. Ya tuna kuma kuɗin wuta ma duk wata uku ake sake duba shi, kuma doka tana iya juyawa dare ɗaya, kamar yadda aka hana pragya shiga tsakiyar gari a 2023 bayan mutane sun ci bashi sun saya. In lissafi ya fita, guda ɗaya za mu saya ba biyu ba, kuma ba da kuɗin da uwarsa take tarawa na aikin Hajji ba.

Ya dawo shekaranjiya da shafi biyu cike. Ya ce ɗaya daga cikin mutanen ya yaba, ɗaya ya ce batir ɗinsa ya fara gajiya, na ukun bai same shi ba tukuna. Na ce ya koma. Da zai fita ya tsaya ya kalli kwalayen, ya ce, "Kawu, ka ba ni ɗaya mana, in an ɗauke wuta na yi caji da shi." Na ce ya je ya ƙara kuɗin fetur ɗin janaretan a shafi na uku.

Ni ma ranar Asabar ina da zama a garejin tsohon yarona. Ya ce na zo bayan La'asar, lokacin da yaransa suka tashi, don kada su ga Masta yana riƙe da littafi.