Abin da na koya a ɗakin wanke kaya na asibitin haƙori a ƙauye

Lokacin da aka tura ni ƙaramin asibitin haƙori na ƙauye, a tunanina aikin duk a kan kujera yake, ka iya allurar kashe zafi, ka iya riƙe filaya, ka cire haƙori ba ka bar saiwa a ciki ba, shikenan. Kujera ɗaya ce a wurin, likita yana zuwa kwana biyu a sati, sauran kwanakin daga ni sai wata dattijuwa mai shara da wanke kaya da muke ce wa Inna, ta riga ni daɗewa a wurin nesa ba kusa ba. Ban cika wata ɗaya ba na gane ɗan ɗakin nan da ke bayan kujerar, wanda majinyaci ko leƙa shi ba ya yi, shi ke riƙe da lafiyar duk wanda ya buɗe mana baki.

Yadda na tarar ana yi shi ne, in an gama da kaya a ɗauraye su, a zuba a tukunya su tafasa, a kwaso a goge da sifirit a jera a tire. A ido tas suke har da ƙyalli. Wata rana na ɗauki filaya ɗaya daga cikin waɗanda aka riga aka tafasa, na wangale ta, na sa ƙaramin buroshi a gaɓarta inda ƙarfen biyu suka haɗu, wallahi ruwan da ya fito ja-ja ne, tsohon jini. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini, kuma ruwa in ya tafasa digiri 100 ne iyakarsa, ko awa nawa zai yi a wuta ba zai wuce nan ba, alhali akwai ƙwayoyin cuta masu lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri da wannan zafin ba ya gamawa da su. Na kira Inna na nuna mata, ta riƙe baki ta ce ɗan nan ai ni haka aka nuna mini tun farko. Kuma gaskiya ta faɗa, ba sakaci ba ne, babu wanda ya taɓa zama ya koya mata.

Da ƙyar da naci muka samu tukunyar turara kaya, otokilef, irin wadda ake ɗorawa kan gas, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a wurin. Ita tururi take matsewa har ya kai digiri 121, kayan da ba a naɗe ba aƙalla minti 15, waɗanda aka naɗe muna ba su 30, manyan na'urori na zamani su kan kai 134 su gama a minti 3 zuwa 4. Abin da mutane ke yawan kuskurewa, lissafin lokaci yana farawa ne daga sanda allurar ma'auni ta kai inda ake so, ba daga sanda ka kunna wuta ba, kuma dole ka bar iskar ciki ta fice tukuna kafin ka rufe hancin tukunyar, don duk inda iska ta maƙale tururi ba ya shiga. Sannan wanki na gaba da komai, kayan da jini ya bushe a jikinsu ko ka turara su dattin ya kare abin da ke ƙarƙashinsa. Muka raba ɗakin biyu da jan fenti a kan tebur, masu datti su shigo ta hagu, a wanke, a shanya, a naɗe, a turara, su fita ta dama, ba abin da ke komawa baya.

To a nan ne na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Akwai wani salatif da ake manna wa ƙunshin kaya, in ya sha zafi layukansa su yi baƙi. Ni ina ganin baƙin sai hankalina ya kwanta, na yi watanni a haka. Sai likita ya zo da wata 'yar kwalba ta gwaji, a ciki an zuba irin waɗancan ƙwayoyin masu taurin kai da gangan, ana sa ta tsakiyar kaya a turara tare, daga baya a kai ta ɗakin gwaji a ajiye a ɗumi na kwana ɗaya zuwa biyu, in ruwan ya zauna a launin shunayya sun mutu, in ya koma rawaya suna nan da ransu. Namu ya dawo rawaya. Ranar ban iya barci ba, ina ta lissafa fuskokin mutanen da muka taɓa. Da muka bincika sai ga shi abu biyu ne, ina cusa kaya da yawa a tukunyar don in rage gas da lokaci, kuma robar murfin ta tsage tana sakin tururi kaɗan kaɗan. Salatif ɗin ba ƙarya ya yi ba, shi abin da yake shaidawa kawai ƙunshin ya ga zafi. Muka dakatar da aiki, aka canza roba, duk wani ƙunshi da ke kabad muka kwance muka sake, ba mu koma aiki ba sai da gwaji ya fito da kyau, kuma likita ya sa aka nemo waɗanda aka cire wa haƙori a tsakanin aka yi musu bayani da gwajin jini. Wannan nemowar ta yiwu ne saboda rajistar sunaye da muke da ita, daga nan kuma na fara rubuta kwanan wata da lambar zagayen turarawa a jikin kowane ƙunshi, in kuma rubuta lambar a katin wanda aka yi wa aiki da shi. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce a riƙa wannan gwajin aƙalla sau ɗaya a sati, mu da ke nesa da ɗakin gwaji ba kullum muke cim ma haka ba amma ba mu sake barin wata ya wuce ba.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙauye ce kawai. A 2013 a birnin Tulsa na Amurka sai da hukumomin lafiya suka nemi majinyata kusan 7,000 na wani asibitin haƙori su je gwajin ciwon hanta da ƙanjamau saboda rashin tsaftar kaya.

Allura ma ta koya mini nata darasin. Ina mayar da murfinta da hannu biyu bayan na yi wa wani allurar dasashi sai ta soke ni a ɗan yatsa ta cikin safar hannu. Na wanke da sabulu da ruwa, aka gwada ni aka gwada shi da izininsa, Allah ya kiyaye babu komai. Amma a nan na san lissafin, in mai ƙanjamau ne haɗarin kamuwa kusan 3 cikin 1,000 ne kuma akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 a sha kwana 28, in kuwa ciwon hanta B ne ga wanda bai yi rigakafi ba haɗarin yana iya kai 30 cikin 100. Ni na yi rigakafin tun a makaranta, Inna fa? Shekara da shekaru tana wanke ƙarafa masu kaifi da jini a jiki, ko allura ɗaya ba a taɓa yi mata ba. Na raka ta da kaina ta karɓi ukun, ta farko, ta bayan wata ɗaya, da ta wata shida, muka samo mata safar roba mai kauri. Yanzu murfin allura a tire nake ajiye shi in zura da hannu ɗaya, akwatin allurai kuma in ya kai kashi uku cikin huɗu rufe shi ake yi.

Sauran abubuwan sun zo da sauƙi da zarar mun saba. Kan injin huda haƙori shi ma turara shi ake bayan kowane mutum, goge shi da auduga bai wadatar ba don yana zuƙar yawu ciki. Bututun ruwan kujera a sake shi ya zuba daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin majinyata. Kafin allura a tambayi mutum hawan jini, ciwon suga, juna biyu, maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa yi masa illa, a auna jininsa, a kuma duba cewa adirenalin na akwatin gaggawa, allurar ceton wanda magani ya yi wa mummunar illa nan take, bai wuce wa'adi ba.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne mayar da mutum. Filayar cire turmin haƙori na ƙasa guda uku muke da ita, zagayen turarawa da hucewa da bushewa kuma ya kan ci fiye da awa ɗaya, don haka in mutum uku sun shiga na huɗu dole ya jira. Wani dattijo ya zo daga nesa a bayan babur, kumatu a kumbure, ya tarar ukun duk suna tukunya, ga mai babur yana ta gaggawa. Ya ce yaro ka ɗauraye ɗaya kawai ka cire mini, ni na yafe. Na durƙusa kusa da shi na ce Baba ka yi haƙuri, ƙarfen nan yanzu ya fito daga bakin wani, in na sa maka shi a haka ciwon da zan iya ba ka ya fi wanda ka zo da shi, kuma ba za ka gan shi ba sai bayan shekaru. Na ba shi maganin rage zafi, na roƙi mai babur ya ƙara mana lokaci, na kawo masa kujera kusa da ƙofar ɗakin inda yake hango tukunyar tana huci. Da ƙunshin ya huce na kawo shi gabansa na nuna masa kwanan watan da ke jiki, na yage shi yana kallo, sannan na ce Baba bismillah, hau kujera.