Ƙarar Masara a Dajin Teksas

Da hantsi muka bar San Antoniyo, a makon ƙarshe na Oktoba, muka bi babban titin I-10, sannan muka ratse kan titi mai lamba 87 wanda ya bi ta Fredericksburg ya nufi Mason. Tun ba mu yi nisa ba na fara ganin abin da ya kawo ni. Kusan kowane gidan mai an jibge buhunan masara a bakin ƙofa, buhu mai fam 50, wato kusan kilo 23, wasu har da hoton barewa a jiki. Saura 'yan kwanaki a buɗe farautar bindiga, wadda ake buɗewa ranar Asabar ta farko a Nuwamba, shi ya sa kowace a-kori-kura da ta wuce mu ɗauke take da buhu goma ko fiye.

Wannan yanki na tuddai da duwatsu yana cikin wuraren da barewa mai farar wutsiya ta fi yawa a Amurka, har garin Llano da ke gabas da Mason ke kiran kansa hedikwatar barewa ta jihar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Teksas mallakar mutane ce, kuma doka ta yarda a zuba wa barewa abinci a yi mata kwanto a filin da ba na gwamnati ba. Akwai jihohin Amurka da suka hana hakan ɗungurungum.

Mai kula da gandun da muka sauka bai ɓata lokaci ba, muna ajiye kaya ya ce mu je zagaye. Na'urar watsa wa barewa masara ta farko da muka gani duro ce irin ta mai, mai cin lita 208, an ɗora ta kan ƙafafu uku na ƙarfe har ta fi tsayin mutum. Buhu shida take ɗauka, wani lokaci da ɗan ƙari. A gindinta akwai mazurari, ƙarƙashinsa ɗan faifan ƙarfe da ƙaramin inji ke juyawa, sai akwati mai ɗauke da agogo da batir mai bolt 6 ko 12, da ɗan farantin sola da aka fuskantar kudu. Lokaci na cika faifan zai juya na 'yan daƙiƙoƙi, masara ta fantsama kewaye kamar taku goma, ya tsaya. Tulin masarar da ke kan faifan shi ne marfin da ke hana saura zubowa, don haka tazarar bakin mazurari da faifai ita ce ran na'urar. Shi yana barin kusan santimita ɗaya. Idan ta fi haka iska ma tana zubar da masara, idan ta gaza kuma guntun totuwa ɗaya ya isa ya toshe ta, a kwashe mako biyu injin na juyawa babu abin da ke fita.

Bai yarda da abin da aka rubuta a kwalin na'urar ba. Ya ɗaura buhun da babu komai a ƙasan faifan, ya danna maɓallin gwaji, ya auna. Daƙiƙa biyar ta ba da kusan kilo ɗaya. Sau biyu a rana, kilo biyu ke nan, duro guda zai kai wata biyu da 'yan kwanaki. Yana so masarar ta ƙare cikin rabin sa'a. Wanda ya watsa da yawa, in ji shi, ya koya wa barewa cewa ko ta zo tsakar dare za ta tarar da saura, kuma doka ta taƙaita harbi ne daga minti 30 kafin fitowar rana zuwa minti 30 bayan faɗuwarta.

Da yamma muka shiga bukkar ɓuya, wadda ke nesa da duron kamar mita 90, ta inda iska ba za ta kai warinmu wurin ba. Ƙarfe biyar da rabi daidai injin ya tashi. A wannan shirun ƙarar ta yi kama da an watsa tsakuwa kan kwanon rufi, na ce a raina duk wata dabba da ke kusa ta gudu. Ba a yi minti uku ba barewa mace ɗaya ta fito daga cikin duhuwa da 'yarta, sai wasu huɗu a bayansu, suna tafe da sauri, kunnuwa a miƙe. Sun daɗe da sanin cewa wannan ƙara kiran abinci ce. Abin da ke korarsu shi ne sautin da ba su saba ji ba, ko wanda suka saba amma ya zo ba a lokacinsa ba.

Washegari ya nuna mini bambancin a wata na'ura da bareyi suka daina zuwa sosai. Da ya kunna ta sai muka ji ƙarau-ƙarau mai kaifi da wata 'yar kakkarwa. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ɗan sukurun da ke riƙe faifai a jikin sandar inji ya kwance, faifan na rawa yana gogar mazurari. Ya ɗaure shi. Kejin waya da ke kare faifan ya saki a kusurwa biyu, sai ya sa guntun roba tsakaninsa da duron kafin ya matse noti. Marfin sama yana bugawa idan iska ta taso, ya zagaya bakinsa da tsohon tiyo da ya tsaga gida biyu, wanda kuma zai hana ruwan sama shiga. Ƙarar da ta fi kaifi daga ƙafafu take fitowa, domin bututu ne mai rami, ƙwayar masara na dukansa ya amsa kamar ƙararrawa. Ya naɗe su da robar tsohuwar taya daidai tsayin da masara ke bugu. Da ya sake kunnawa sai gurnanin inji kawai da shuuu ɗin masara a ƙasa.

Ya ja hankalina kan batir. Idan ya yi rauni injin na jan ƙafa, sautinsa ya canza daga rana zuwa rana, masara ta taru a gindin duro, bareyi su cunkushe wuri ɗaya suna ture juna. Yawanci ƙura ce ko kashin tsuntsu ya rufe farantin sola, ko tsatsa ta ci bakin waya. Saboda mai farauta da kwari da baka, wanda ke zama kamar mita 18 kacal daga wurin, yana rage gudun injin idan agogon na da wannan saiti, ko ya sa faifan roba maimakon na ƙarfe.

A ganina hayaniyar mutum ta fi ta inji ɓarna, shi ma haka ya ce. Ba ya cika duro sai tsakar rana, lokacin da bareyi ke kwance a inuwa, da mota ɗaya da suka saba ji, ba ya buga ƙofa, ba ya jan tsani a jikin ƙarfe. Gwaji ma a lokacin yake yi, don kada ya kira dabba ta zo ta tarar da mutum tsaye. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane kowace shekara: ranar Lahadi ta farko a Nuwamba ake mayar da agogon Amurka baya da sa'a ɗaya. Wanda ya gyara agogon na'ura bai gyara lokacin watsawa ba, masararsa za ta makara da sa'a guda a lissafin rana, barewa kuwa da rana take aiki. Duk da wannan kulawa manyan mazan bareyin nan masu ƙaho mai rassa ba kasafai suke zuwa da haske ba. Sukan zagaya ta ƙasan iska su shinshina, shi ya sa gwanaye ke zama a kan hanyar da ke zuwa duron. Shekarar da itatuwan ok (wata bishiya da bareyi ke son 'ya'yanta) suka zubar da 'ya'ya da yawa kuwa, masara kan kwana a ƙasa ba mai kula ta.

Baƙin da ba a gayyata ba suna da yawa. Rakun, wata dabba mai yatsu kamar na yaro, yana hawa ƙafa ya juya faifai da hannu, shi ne dalilin kejin. Aladun daji kan tona gindin ƙafafu har duro ya kife, sai an kafe su da turaku, an kuma kewaye wurin da shingen waya mai tsayin santimita 70 zuwa 86, wanda barewa ke tsallakewa alade ya kasa. Masarar da ta sha danshi tana yin funfuna mai gubar afalatoksin, wadda manoman gyaɗa da masara a ƙasarmu suka sani sarai. Ya fasa wani buhu, ya ga ta dunƙule, ya ajiye shi gefe. Masara kanta abin jan hankali ce kawai, furotin ɗinta bai kai kashi 10 ba, don haka daga ƙarshen sanyi yakan koma ba su curarren abinci mai kashi 16 zuwa 20, da angurya irin wadda makiyayanmu ke ba shanu. Abin da ya fi damuna shi ne tara dabbobi baki da baki a wuri ɗaya, ganin cewa an gano cutar ƙwaƙwalwar barewa mai yaɗuwa da ake kira CWD a jihar tun 2012, kuma ba ta da magani.

Muka fito ta titi mai lamba 29 zuwa Llano bayan la'asar. A wani shingen gona muka tsaya shan ruwa, sai muka jiyo wata na'ura ta tashi can bayan tudu, da wannan ƙarau-ƙarau ɗin na ƙafar da ba a naɗe ba.