Inda fayil yake ɓata a ofishin minista

Duk wanda ya daɗe a aikin rajista, wato ofishin da ke karɓa da ajiye fayilolin ma'aikata, ya san fayil bai cika ɓata a kan kantar rajista ba. Yana ɓata ne tsakanin teburin babban sakatare da na mai girma minista, ko kwamishina in a nan Kaduna ne, domin a tsakanin nan ake fara ɗaukar takarda da hannu ba tare da an rubuta ba.

Tsarin kansa ba shi da wuya. Wasiƙa ta shigo, a buga mata hatimin ranar karɓa, a shigar da ita littafin shigowa, a nemo fayil ɗin maganar, a huda ta a kusurwar hagu ta sama, a ɗaure da igiya, a ba ta lambar shafi mai bin ta baya. Lambar nan ce mai gadi: in an tashi daga 46 an faɗa 49, kowa ya san an zare biyu. Jami'i ya rubuta bayaninsa, ya ambaci shafin da yake nufi, ya sa hannu da kwanan wata, sannan a rubuta a bangon fayil da littafin fita wanda aka kai wa. Masinja kada ya saki fayil sai an sa masa hannu, ko da oga na waya.

Ɓarnar tana farawa da "kawo da sauri, oga zai yi tafiya". Mataimaki na musamman ya sa fayil a jaka, fayil ya kwana a mota ko a gida. Bayan sati biyu a nema a rasa, sai a buɗe fayil na wucin gadi. Wannan shi ne babban ciwo. Asalin ya dawo, ba wanda ya haɗe su, magana ɗaya ta samu fayil biyu, kowanne da umarninsa. Ta haka ake biyan ɗan kwangila sau biyu, ko a amince da abin da aka riga aka ƙi. Ranar da asali ya bayyana, ranar za a zuba na wucin gadin a ciki, a sake lambobi.

Takardun majalisar zartarwa na rajistar sirri ne, kowane kwafi da lambarsa. Wasiƙun mazaɓa, na jam'iyya da katin ɗaurin aure kuwa a ware musu wuri daban, don ranar sauka minista ya kwashi nasa ya bar na gwamnati. Umarnin da ya zo ta WhatsApp ko da baki, a mai da shi rubutu a fayil kafin a aiwatar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kwana bakwai ta ba ma'aikata ta amsa buƙata, kuma ba a amsawa da abin da ke cikin wayar wanda ya bar ofis.

Fayil ya kai kaurin yatsu biyu, a rufe shi a buɗe juzu'i na gaba, in ba haka ba igiya ta yaga ramukan. A cire ƙusar sitafula kafin ajiya, damina na sa ta tsatsa ta ci takarda. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara.

Mai son ganin aikin da aka yi da kyau ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, ya nemi fayil na tsohuwar sakatariyar Lardunan Arewa. Takardun sun yi ja, gefensu na karyewa, amma shafi na bin shafi, ana gane wanda ya ce me da ranar da ya faɗa.