Yadda muka rubuta hutun jinya a kamfaninmu

Ni ke riƙe da ofishin kula da ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Kano, kuma rabin aikina sauraron uzuri ne. Yawancin uzurin ma ba na mai kawo shi ba ne. Ko an kwantar da mahaifiya, ko yaro mai sikila ya tashi da ciwon ƙashi cikin dare, ko uba ya samu shanyewar ɓarin jiki babu mai ɗaga shi. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti a ƙasar nan ya san ba mutum ɗaya ake kwantarwa ba. Mai jinya ne zai sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya nemo masu ba da jini, ya juya mara lafiya, sannan ya shimfiɗa tabarma a baranda da filas ɗin ruwan zafi a gefensa. Sau da yawa kuma wannan mai jinyar shi muke jira a kan inji da ƙarfe bakwai na safe.

A da, alfarma ce tsarinmu. Wanda ya san hanyar ofishin Alhaji mai kamfani, ko shugaban sashensa ɗan unguwarsu ne, sai a ce masa, "Je ka, Allah ya ba da lafiya." Wanda ba shi da kowa ya sha takardar tuhuma, a zabge masa albashi. Shi ya sa mutane suka koyi ƙarya: uwa ce a kwance, amma sai ma'aikaci ya ce shi ke fama da zazzaɓi, don ya san nasa ciwon kaɗai ake karɓa.

Da na buɗe Dokar Ƙwadago ta Najeriya ina neman abin dogaro, sai na tarar ma'aikacin nan bai yi kuskuren lissafi ba. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 12 na rashin lafiyarsa a shekara da albashi, hutun shekara aƙalla kwana 6, mai haihuwa kuma mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Jinyar uwa ko uba ko ɗa kuwa, shiru. An dai ci gaba a wajen haihuwa: Legas ta ba ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kwana 14 ga maza idan an yi musu haihuwa a 2021. Duk wannan murnar zuwan jariri ce. Tsohon da ya reni ma'aikacin ba a tuna da shi ba.

Wasu ƙasashen sun tuna. Amurka tun 1993 tana da dokar da ta ba ma'aikaci mako 12 ya yi jinyar iyaye ko mata ko miji ko ɗa, babu albashi amma aikinsa na nan yana jiransa, a kamfanin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama. Birtaniya sai a 2024 ta fara ba da mako ɗaya, shi ma babu biya. Japan ce ta fi burge ni: kwana 93, ana iya raba su kashi uku, inshorar aiki na biyan kashi 67 cikin ɗari na albashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma tana da yarjejeniya mai lamba 156 ta 1981 kan ma'aikata masu nauyin iyali, wadda maƙwabciyarmu Nijar ta amince da ita tun 1985.

Ban kai wa Alhaji labarin Japan ba, don na san amsar da zan samu. Littafin halarta na kai masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ko mun ba su izini ko ba mu ba su ba, ba za su zo ba. Bambancin kawai, in a rubuce yake za mu san tun jiya, mu sa wani a kan injin." Ya ce idan aka buɗe ƙofa kowa zai ce kakarsa ba ta da lafiya, musamman da damina lokacin noma. Ba ƙarya ya yi ba, an samu masu gwadawa. Amma ba su da yawa, kuma abokan aikinsu ne suka fara tona su, don su ake bar wa buhunan.

Abin da muka rubuta bai cika shafi biyu ba. Mako biyu a shekara da cikakken albashi, in jinya ta yi tsawo a ƙara wata ɗaya da rabin albashi, bayan nan hutu ba biya amma ba kora. Shugaban sashe ne ke sa hannu, ni in ajiye a fayil; ba sai an yi layi a ƙofar Alhaji ba.

Abin da ya fi amfani kuma ba hutun ba ne, damar gutsura shi ce. Akwai wani mai kula da tukunyar turara shinkafa da mahaifinsa ke wankin ƙoda sau biyu a mako. Kowane zama kan ɗauki kamar awa huɗu, ban da jiran layi da neman Keke Napep, kuma dattijon kan fito jiri na ɗibarsa, sai an riƙe shi. Da mun ba shi mako biyu a jere, da sun ƙare ciwon na nan, don wannan ba ciwon sati biyu ba ne. Sai muka mayar da shi aikin yamma a ranakun wankin, muka yarda ya riƙa cin hutun rabin yini rabin yini. Ranar da na kira shi don in gaya masa, ya shigo da hula a hannu yana cewa, "Yallaɓai, wallahi ba wasa nake da aiki ba," a zatonsa takardar sallama ce.

Wurin da muka fi daɗewa muna gardama shi ne wane ne iyali. Takardun Turawa da na duba, iyaye da ma'aurata da 'ya'ya suka fi ambata. A nan kuwa akwai wanda gwaggonsa ce ta goya shi, akwai wanda kishiyar uwarsa ce ta rage masa, akwai ɗan riƙo da marayun ɗan'uwa. Muka tsaya a kan wanda yake ƙarƙashin kulawarka, ko wanda ya rene ka, kuma kowa ya rubuta sunayensu tun lafiya lau, ba sai ranar da abu ya faru ba. Haka nan muka ƙi rubuta cewa na mata ne. Akwai masu cewa ai namiji yana da mata a gida. To, suruka ce za ta yi wa surukinta wanka? Ko ita za ta ɗaga shi zuwa banɗaki? Maza ne suka fi yawa a cikin masu neman hutun nan a wajenmu, ko da yake su ne ma suka fi yawa a kamfanin.

Shaida kuwa, katin asibiti ko takardar kwantarwa ta isa. Ba ma tambayar sunan ciwo. Akwai cututtukan da mutum gara ya rasa albashi da ya faɗa a ofis, irin su taɓin hankali ko yoyon fitsari, kuma magana in ta shiga kamfani ba ta kwana. Waɗanda suka riƙe wa mai jinya aikinsa kuma ana biyan su kuɗin ƙarin lokaci. In ba haka ba, tausayin sati ɗaya ne, na biyu sai gunaguni.

Inda har yanzu muka kasa shi ne leburori masu dakon buhu da mata masu tsince da shara, waɗanda ake biya kullum ta hannun ɗan kwangila. Ba sa cikin littafina, don haka ba sa cikin takardar, alhali su ne rashin zuwan kwana ɗaya ke hana wa tuwon dare. Mun buɗe musu ƙaramin asusu da ma'aikata ke zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, kamfani ya ɗora nasa a kai, amma kwanciya ɗaya mai tsanani takan share shi. Na rubuta wa Alhaji cewa in an zo sabunta kwangilar, a sa sharaɗin biyan kwanakin jinya a ciki. Ɗan kwangilar ya ce sai dai a ƙara masa kuɗin kowane buhu, kuma a nan maganar take.