Gasar harbin ƙaramar bindiga da ta fi min daɗi

Jiya a majalisarmu ta Mabera aka tambaye ni wace gasar harbi ta fi daɗi cikin waɗanda na shiga lokacin karatuna a Amurka. Ni dai gasar USPSA, ƙungiyar harbi ta Amurka, wato reshen can na IPSC, wata ƙungiyar gasar harbi ta duniya. Kai za ka tsara yadda za ka ratsa fagen, kana gudu kana harbi, sannan a raba makinka da daƙiƙun da ka ɗauka. Sauri ba saiti asara ce. IDPA kuwa, gasar harbi mai kwaikwayon kare kai, dokoki sun yi mata yawa: bindiga a ɓoye ƙarƙashin riga, harbi daga bayan kariya. A gasar Steel Challenge faranti biyar na ƙarfe ake harbi, galibi kana tsaye wuri guda. Ƙarar farantin nan tana da daɗi wallahi, amma ba ta sa ni haki da lissafi lokaci guda.