Jita mai doro da ta ƙi magana

Jitar farko da na sassaƙa tana nan rataye a shagona a unguwar Zango, a Damagaram. Duk wanda ya zo ɗaukar gado ko ƙofa sai ya tsaya ya yaba kyanta, ni kuwa ba na bari a kaɗa ta. Muryarta kamar ta mai mura ce da ya ƙudundune cikin bargo.

Zuri'a biyu na so in haɗa aure. Akwai jitar Sifen, wadda Antonio de Torres ya daidaita fasalinta a ƙarni na 19: fuskarta shimfiɗe take, kaurinta wajen milimita 2.5, jakinta, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a kan fuskar, manne da gam, tsirkiya na fizgarsa. Akwai kuma ta Amurka da Orville Gibson ya fara a shekarun 1890, mai fuska sassaƙaƙƙiya da doro irin na biyolin. Ita jakinta ba a manne yake ba, tsirkiyar ce ke danne shi. Ni taushin tsirkiyar nailan irin ta jitar Sifen nake so a kan jiki mai doro.

Sai na ɗauko ma'aunin mai doro na bi shi sak, na bar tsakiyar fuskar a kusan milimita 6. Ban yi la'akari da cewa don tsirkiyar ƙarfe aka yi wannan ma'auni ba. Nailan shida gaba ɗaya jansu wajen kilo 40 ne, na ƙarfe kan kusan ninka haka, kuma ɗan kaɗan ne daga ciki ke sauka kan jaki. Tamkar na ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi ne.

Wani tsoho mai sassaƙar garaya da gurmi a Birni na kai wa. Bai ko taɓa tsirkiyar ba. Ya ƙwanƙwasa fuskar da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Ɗana, murfin akwati ka yi. Wa ya taɓa rufe gurmi da kirgi?"

"Baba, ai ma'aunin Turawa na bi."

"To, su zo su kaɗa maka."

Na ji haushi, har na yi kwanaki ban koma ba. Daga baya na karanta cewa a 1862 Torres ya yi wata jita da baya da gefe na kwali, don dai ya nuna cewa fuska ce mai magana. Abin da Baba ya gaya mini ke nan, kyauta.

A ta biyu na ajiye takardar ma'aunin. In kankare kaɗan, in riƙe katakon da yatsu biyu, in ƙwanƙwasa, in saurara. Akwai lokacin da sautin ke tashi daga "ƙwas" ya koma "dum" mai ɗan jan wutsiya, musamman idan an rage naman gefe, inda doron ke kwantawa. Bayanin wannan a baki wuya gare shi, hannu ne ke ganewa. Ta yi magana kuwa, har maƙwabcina tela ya leƙo.

Wata biyar ta yi a duniya. A watan Agusta na haɗa ta, katako ya ƙoshi da laimar damina. Da hunturun Damagaram ya kankama sai fuskar ta tsuke, na zo da safe na tarar ta tsage daga jaki har ƙasa. Ni da na san yadda ƙofa ke kumbura da damina ta saki da rani, ban yi wa jita wannan lissafin ba. Yanzu ba na shafa gam sai iska ta bushe.

Maɗaci ya karɓe ni a wuya da baya, kanya kuma a allon yatsu. Fuskar ce matsala, don katako marar nauyi mai miƙaƙƙiyar jijiya ba ya tsiro a ƙasarmu, sai dai in tsinto shi cikin tsofaffin akwatunan kaya a kasuwar Dole.

Ta uku ta fi duka daɗi, amma a kanta na sauya tsayin doro, da nauyin jaki, da siffar ramin sauti a lokaci guda, don haka ba zan iya rantsuwa kan wanne ya yi aikin ba. Ta huɗu na kan teburi, jaki kaɗai zan taɓa mata. Na sassaƙa guda uku, na rubuta nauyin kowanne a bango da alli, ina jiran Janairu.