Ƙasar Damagaram a ƙarƙashin ƙafar sojan roba

Sojan da ake wasan yaƙin tebur da shi, wato wasan da ake jera rundunonin roba a kan tebur a kara su bisa dokoki, ɗan mitsitsi ne, milimita 28 daga tafin ƙafa zuwa ido, kuma ba ya tsayuwa sai an manna shi a kan ɗan faifai. Ga mai tafiya a ƙasa faɗin faifan yakan zama milimita 25, na mai doki ya fi haka. A wajen wasa daga bakin faifan nan ake auna tafiya da nisan harbi, saboda haka girmansa doka ce. Abin da za ka ɗora a kansa kuwa naka ne, kuma nan ne na fi daɗewa.

Sojojina na roba ne da aka ƙera don yaƙe-yaƙen Mahadi na Sudan, wani ɗan'uwana mai karatu a Faransa ya zo mini da su. Na gyara rawunansu, na yi musu fenti a matsayin ƴan bindigar Damagaram, irin rundunar da Sarki Tanimun ya gina, wadda daga baya ta kara da Faransawa a Tirmini a 1899, zamanin Amadu Kuran Daga. Da na duba yadda masu wannan sana'a suke yi a intanet, kusan duk koriyar ciyawar Ingila na gani, da gansakuka da laka baƙa. Aikinsu yana da kyau, amma mutumin Birni, tsohon garin Zinder, ba a kan irin wannan ƙasa ya yi yaƙi ba. Sai na ce ƙasarmu zan sa.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne ƙasar gaske ba ta kama da ƙasa idan ta hau faifai. Sojan ya gaza mutum sau kusan 56. Ke nan ƙwayar yashi mai rabin milimita ta zama tsakuwa mai kusan santimita 3, tsakuwa mai milimita 5 kuma ta zama dutsen da sai an sa hannu biyu a ɗaga. Yashin ƙofar gida idan ka zuba shi yadda yake, soja zai zama kamar yana tsaye a inda ake fasa dutse. Don haka nake tankaɗe shi da rariya, in sake tacewa da matacin shayi, in ware shi kashi uku. Mafi laushi shi ne jikin ƙasar. Matsakaici nakan yayyafa kaɗan a gefe guda. Manyan ƙwayoyin kuwa da tsinke nake ɗora su, biyu ko uku, inda nake so. Abin da ya fi duka dacewa da rairayin jigawa shi ne ƙurar hunturu da ke taruwa a bakin taga. Ina share ta da takarda in adana a kwalba. Kowane yashi sai na soya shi a kasko bisa gawayi tukuna, don ya bushe sarai kuma ƙwayayen ƙwari su mutu.

Faifan kansa ba na yin sa da kwali. Gam yana janyewa idan yana bushewa, sai kwalin ya lanƙwashe, ga kuma gara. Zoben ƙarfen nan mai faɗi da makanikai ke sawa ƙarƙashin noti nake saye a Kasuwar Dole, in toshe ramin tsakiya da takarda mai kauri. Nauyinsa yana hana soja faɗuwa idan an bugi tebur, kuma yana kama maganaɗisu, sai in jera rundunar a kan maganaɗisu cikin gwangwanin biskit ba mai motsi. Sai dai a shafe shi da fenti ciki da waje kafin komai, in ba haka ba damina ɗaya ta isa tsatsa ta ɓullo ta cikin yashin.

Farin gam na kafinta shi ne uwar aikin. Wani dattijon kafinta a unguwar Zango ne ya gyara mini hannu. Ya ga ina shafa shi da kauri sai ya ce, "Yaro, sirka shi da ruwa. Gam mai yawa sama yake bushewa, ciki ɗanye." Na ce, "Baba, ba zai saki yashin ba?" Ya ce in shafa sau biyu. Haka nake yi har yau: shafin farko ba ruwa sosai, in tsoma faifan cikin yashi, in kakkaɓe, in bari ya kwana. Washegari in ɗiga na biyu wanda aka sirka har ya yi kaurin madara, ya ratsa ƙwayoyin ya ɗaure su. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gam yana yin fata kafin ka kai hannu ga yashi, fenti kuma yana bushewa a bakin buroshi. Shi ya sa aikin bazara bayan sallar asuba nake yin sa, kaɗan-kaɗan, fentin kuma a kan jiƙaƙƙen tsumma da aka rufe da takarda.

Mutane suna mamaki idan suka ga ina yi wa yashi fenti, tun da launinsa na ainihi shi nake nema. Amma sojan da aka yi wa inuwa da haske, idan ya tsaya a kan yashin da ba a taɓa ba, sai ka ga biyun ba su haɗu ba. Nakan fara da ruwan ƙasa mai duhu, in bi da ja-ja, sannan in goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa in shafa launin rairayi a kan ƙwayoyin sama kawai. A ƙarshe in taɓa ƙafafun sojan da gefen rigarsa da wannan launi, don wanda ya tako daga Birni zuwa Tirmini ba zai iso da fararen ƙafafu ba.

Duwatsu su ne suka fi ba ni aiki, kuma su na fi so. Duk wanda ya san Zinder ya san manyan duwatsunta masu sulɓi, ɗaya bisa ɗaya, gidaje a tsakaninsu. Tsakuwar hanya tana da kaifi, ba ta ba da wannan siffa. Sai na koma ga yumɓu irin na maginan tukwane na Miriya: in mulmula ƙanana, in danna su da wani dutse mai kaushi don su ɗauki zanensa, in tsaga ɗaya da reza, in shanya a inuwa. Dole a binne gindin dutsen cikin yashi, kada a aza shi a sama, domin dutsen da ya shekara dubbai a wuri ƙasa ta ci rabinsa. Launinsa ma ba toka zalla ba ce. Ka je ka tsaya kusa da su da hantsi, za ka ga ja-ja da ruwan ƙasa, da baƙin zane inda ruwan sama ke gangarowa. Tsingaron tukunya kuma, idan aka goge bakinsa, yana ba da ɓaraguzan ganuwa.

Ciyawa daga igiyar rama nake yanka ta, tsawon milimita 4 zuwa 6, in tsoma gindin a gam in dasa tsitsiya-tsitsiya a jikin dutse, inda ciyawa ke samun laima. Busasshiyar saiwar ciyawa idan aka juya ta sama tana zama ƙaya. Ganyen shayin da aka gama dafawa a fada, wurin hirar samari, a shanya a murtsuke, shi ne busasshen ganye a gindin itace. Duk wannan kaɗan-kaɗan ya kamata a sa. Ƙasarmu a rani fili ne ya fi yawa a cikinta, kuma faifan da aka cika da kaya yana ɓoye sojan da aka yi shi dominsa. Ba na bari wani abu ya wuce gwiwarsa, ba na bari ya leƙo bayan bakin faifai, saboda idan runduna biyu suka haɗu faifai da faifai suke taɓawa.

Abokin wasana ya so in yi wa ɓangaren Faransawa koriyar ƙasa don a riƙa bambance su daga nesa. Yana da hujja, domin an yi karon Tirmini cikin damina. Amma runduna biyun fili ɗaya suka taka, don haka ƙasa iri ɗaya na yi musu, na ƙara ɗan tsiron kore jefi-jefi a duka ɓangarorin. Bambancin na bar shi a bakin faifai: na Damagaram ja mai duhu, na Faransawa baƙi.